Yadda Ake Zagaya Unguwar Yahudawa da Fadar Sarakuna a Kurɗuba da Ƙafa

A tsofaffin biranen Sifaniya da Yahudawa suka zauna, sau da yawa unguwarsu ba ta yin nisa da gidan sarki, kuma ba a banza hakan ta kasance ba. A Sebiya unguwar tana jingine da katangar fada, a Kurɗuba kuwa tafiyar 'yan mintoci ce tsakanin ƙofar majami'ar Yahudawa da hasumiyoyin fadar sarakuna. A dokar masarautun ƙasar ta wancan zamani, Yahudawa mutanen sarki ne kai tsaye: shi suke biya wa haraji, shi yake ba su izinin zama, kuma shi yake kare su muddin yana da ƙarfi da niyyar yin hakan. Kamfanonin yawon buɗe ido sukan raba wannan tarihi gida biyu, su sayar da zagayen unguwar Yahudawa daban, na fada daban, amma duk wanda ya yarda aka raba masa su zai rasa igiyar da ta ɗaure su. Shawarata ita ce a haɗa su a zagaye guda, da ɗan jagora guda, a kuma bi wuraren bisa tsarin da tarihin ya zo da su.

Kurɗuba ta fi dacewa da wanda bai taɓa irin wannan zagaye ba, domin duk abin da za a gani yana tattare a kusurwa ɗaya ta tsohon gari, a gefen kogin Guadalquivir. Sunan garin ma ba baƙo ba ne a kunnen ɗaliban ilimi na ƙasar Hausa, tun da yake daga nan Imam Kurɗubi mai tafsiri da alƙali Ibn Rushd suka fito, kuma Malikiyya ce mazhabar da aka yi shari'a da ita a Andalus.

Batun lokaci shi ne farkon abin da za a tsayar. A watannin Yuli da Agusta zafin Kurɗuba yakan haura digiri 40, kuma kada wanda ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi ya ce ya saba, domin sabo da rana bai hana mutum jigata ba idan ya yi awa uku yana taka duwatsu yana tsayuwa a gaban gine-gine. Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, sun fi sauƙi. A farkon Mayu ana bikin buɗe tsakar gidaje masu furanni, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2012. Garin yana da kyan gani a lokacin, sai dai lungunan sukan cika maƙil, kuɗin masauki kuma ya tashi. A guji ranar Litinin, domin ita ce ranar da aka saba rufe majami'ar da fadar. A nan Kurɗuba ta bambanta da birane irin su Prag, inda ranar Asabar da ranakun idin Yahudawa ne ake rufe wuraren tarihinsu. Jirgin ƙasa mai sauri yana kawo mutum daga Madrid cikin ƙasa da awa biyu, daga Sebiya kuma cikin kamar minti 45. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Shengen, wadda ba a bayarwa sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

Daga nan sai zaɓen ɗan jagora, kuma a nan ne zagayen yake gyaruwa ko ya lalace. Iri uku ne ake samu. Akwai zagayen da ake kira na kyauta, inda mutane da yawa suke bin mai riƙe da lema ko tuta, a ƙarshe kowa ya ba shi abin da ya sawwaƙa. Wannan yana da amfani ga wanda yake son ya gane hanya, amma galibi ba ya shiga cikin gine-ginen, kuma da yake abincin mai jagorar ya dogara da farin cikin masu sauraro, yakan fi karkata ga labaran ban dariya. Akwai na ƙaramar ƙungiya mai tsayayyen farashi, wanda yakan haɗa da tikitin shiga. Akwai kuma wanda za ka ɗauka kai da iyalinka kaɗai, wanda ya fi tsada amma shi ne zai yarda ya bi tsarin da ka zaɓa. Ko wanne ka ɗauka, ka tambaya ko yana da katin shaida na gwamnatin yankin Andalusiya, kuma ko an ba shi izinin yin bayani a cikin tsohon babban masallacin garin, domin ba kowa ake bari ba. Ka tabbatar da harshen tun kafin ka biya: Turanci da Faransanci suna samuwa kullum, Larabci kuwa sai an nema tun da wuri.

Tambayoyi biyu sun isa su nuna maka zurfin saninsa. Ta farko, ko Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa ɗan Kurɗuba wanda Turawa suke kira Maimonides, ya taɓa yin ibada a majami'ar da ake nuna wa baƙi. Amsa ita ce a'a, domin ya rasu a 1204, ita kuwa an gina ta a 1315. Ta biyu, ko unguwar da ake kira Judería a yau ita ce Yahudawa suka zauna a zamanin halifofi. Mai sani zai gaya maka cewa unguwar yanzu ta samu siffarta ne bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1236, kuma ƙofar da ake kira Babul Yahud a zamanin Musulmi tana can arewacin ganuwa ne. Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya, ko da amsar ta rage wa labarin armashi, shi ne abokin tafiya.

A fara da sassafe daga babban masallacin, wanda yanzu babban cocin Katolika ne na garin. An saba barin masu zuwa ɗai-ɗai su shiga kyauta daga ƙarfe 8:30 zuwa 9:30 na safe, Litinin zuwa Asabar, amma ba a yarda da ƙungiya ko bayanin jagora a wannan awa ba. Mai son bayani sai ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar. Abdurrahman na I, wanda ya tsira daga hannun Abbasiyawa ya kafa mulkin Banu Umayya a nan a 756, shi ya fara ginin wajajen 785, magadansa kuma suka yi ta faɗaɗa shi har ginshiƙan da suka rage a yau suka haura 800. Ka nemi jagoranka ya tsaya da kai a gaban mihirabin Hakam na II, wanda masu sana'a daga Kustantiniyya suka yi wa ado da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, sa'annan ya nuna maka ɗakin da ake kira Capilla Real, wanda aka kammala a 1371 don ajiye gawarwakin sarakuna biyu na Kastila, Fernando na IV da Alfonso na XI, kafin a mayar da su wani coci daga baya. Sarakunan Kirista ne suka sa aka yi ɗakin, amma adonsa irin na Musulmin Andalus ne, kuma wannan salo za ka sake gani a majami'ar Yahudawa nan da awa guda, don haka ka riƙe shi a zuciya. Babban cocin da ke tsakiyar ginin an fara shi ne a 1523, zamanin sarki Carlos na V.

Ya kamata Musulmi ya san abu ɗaya tun kafin ya shiga: ba a yarda a yi salla a ciki ba, kuma masu gadi sukan tsayar da duk wanda ya tayar da kabbara. Babu amfanin jayayya da su, domin umarni suke bi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira El Morabito a cikin lambun Colón, arewa da tsohon gari, inda ake salla.

Da fitowa ta gefen yamma, ginin da ke fuskantarka shi ne gidan bishop, wanda aka ɗora a kan wani sashe na fadar Banu Umayya. A da akwai rufaffiyar hanya da ta haɗa fadar da masallaci, ta yadda halifa zai isa sahunsa ba tare da ya bi ta cikin jama'a ba. Gaba kaɗan, a filin Campo Santo de los Mártires, akwai ragowar wuraren wankan fadar a ƙarƙashin ƙasa. A wannan fili ne ya dace a ba ka labarin Hasdai bin Shafruɗ, Bayahuden da ya zama likita kuma manzon Abdurrahman na III, sarkin da ya ayyana kansa halifa a 929. Hasdai ya kula da kuɗin fito na kayan da ake shigowa da su, ya tattauna da jakadun sarakunan Turai, ya taimaka wajen gyara fassarar wani tsohon littafin magunguna na Girkawa zuwa Larabci. A 958 shi ne ya yi wa Sancho, sarkin León da aka tuɓe, maganin ƙiba, aka kuma zo da shi Kurɗuba tare da kakarsa sarauniya Toda don neman taimakon halifa. A ƙarƙashin inuwar wannan mutum ɗaya malaman Yahudawa da mawaƙansu suka taru a garin, kuma inuwarsa shi ma daga fada take.

A nan wasu masu jagora sukan wuce gona da iri, su nuna kamar addinai uku sun zauna ɗaruruwan shekaru ba tare da ko cacar baki ba. Gaskiyar ita ce Yahudawa da Kiristoci 'yan amana ne a ƙarƙashin mulkin Musulmi, suna biyan jiziya, suna da kotunansu da wuraren ibadarsu, kuma a ƙarni na 10 halin da suke ciki ya fi na Yahudawan yawancin ƙasashen Turai nesa ba kusa ba. Amma da halifancin ya wargaje a 1031 al'amura suka canja. A 1066 an kashe wazirin Giranada Bayahude, Yusuf bin Nagrila, tare da jama'arsa masu yawa. Jagoran da ya ɓoye wannan ya rage maka labari, haka ma wanda ya ɗauke shi ya shafe duk abin da ya gabace shi.

Daga filin sai a bi titin Cairuán ta bayan ganuwa, inda ruwa yake gudana a gefen katanga. Mutum-mutumin Ibn Rushd yana nan a zaune; an haife shi a 1126, shekaru kaɗan kafin Musa bin Maimun, kuma su biyun duk sun ɗanɗana zafin mulkin Muwahhidun, masu daular da ta taso daga Maroko, waɗanda suka karɓi garin a 1148. Iyalin Musa sun bar Kurɗuba bayan an soke amanar da aka ba waɗanda ba Musulmi ba, suka zauna a Fas, daga bisani suka sauka a Masar, inda ya zama likita a fadar Ayyubawa. Ibn Rushd kuwa, duk da ya yi alƙalanci ya kuma yi wa halifa aikin likita, a ƙarshen rayuwarsa an kore shi daga fada an ƙona wasu littattafansa, ya rasu a Marrakush a 1198. A ƙarshen titin za ka iske ƙofar Almodóvar, ka shiga ta cikinta, ka karya dama zuwa Calle Judíos, wato titin Yahudawa. Ƙunci da lanƙwasar lungunan za su tuna wa Bakano unguwannin da ke kewaye da kasuwar Kurmi, sai dai nan bangaye farare ne ƙal. Ka riƙa duban ƙasa: akwai ƙananan alamun tagulla masu siffar taswirar Sifaniya da Fotugal a haɗe, da kalmar Sefarad, wato sunan da Yahudawa suke kiran Sifaniya, a rubuce da Ibrananci, waɗanda ƙungiyar biranen Sifaniya masu tsofaffin unguwannin Yahudawa take kafawa.

Majami'ar tana lamba 20, kuma mai sauri zai iya wuce ta bai lura ba, domin daga titi ƙofa ce kamar ta gida. Za ka ratsa ƙaramar tsakar gida da zaure kafin ka shiga ɗakin ibada, wanda kowane gefensa bai wuce mita 7 ba. Mutane da yawa sukan yi minti biyar su fita suna cewa ba abin gani, alhali nan ne ya fi cancantar a daɗe. Ka sa jagora ya nuna maka rubutun da ke bangon gabas, wanda ya ambaci wanda ya gina ta, Ishaƙu ɗan Ifraimu, da shekarar 5075 ta kalandar Yahudawa. A wannan bango ne ake ajiye naɗaɗɗun takardun Attaura. Ka ɗaga kai ka ga benen mata a gefen kudu, ka kuma dubi ayoyin Zabura da aka zana a kewayen bango cikin irin adon farar ƙasa da ka gani a ɗakin sarakuna na masallaci. Ƙanƙantar ginin ita ma tana da dalili, domin dokokin coci da na sarakuna sun taƙaita girman wuraren ibadar Yahudawa. Bayan korar Yahudawa a 1492 an mayar da ita asibitin masu cizon mahaukacin kare, a 1588 ta koma hannun ƙungiyar masu ɗinkin takalma suka yi ɗakin addu'a da ita, sai a 1884 wani limamin coci ya gano rubutun Ibranancin a ƙarƙashin shafen bango, a 1885 kuma gwamnati ta sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa. Tana cikin uku da suka fi tsira daga wancan zamani a Sifaniya. Sauran biyun suna Toledo. Ba a yin ibadar yau da kullum a cikinta, don haka ba a neman maza su rufe kai kamar yadda ake yi a wasu majami'u na Turai, amma a sassauta murya, kada kuma a taɓa bango. Gidan tarihi mai zaman kansa da ke daura da ita, Casa de Sefarad, yana cike giɓin da ɗakin bai iya cikewa ba game da rayuwar gida da waƙoƙi da bukukuwa.

Taku kaɗan gaba akwai mutum-mutumin Musa bin Maimun a dandalin Tiberíades, wanda aka sa wa sunan garin da kabarinsa yake. Baƙi sukan shafa takalminsa har ya yi ƙyalli, wai don neman sa'a. Wannan al'adar masu yawon buɗe ido ce kawai, ba ta da tushe a addinin mutumin.

Kada ka yarda a tsallake ƙaramin cocin San Bartolomé, ko da jagora ya ce lokaci ya ƙure, domin shi ne shaidar abin da ya faru a 1391. A watan Oktoba na 1390 sarki Juan na I ya faɗo daga kan doki ya mutu, ya bar magaji ɗan shekara 11. Wani babban malamin coci a Sebiya, Ferrán Martínez, wanda ya daɗe yana wa'azin tunzura jama'a fada tana taka masa birki, sai ya samu fili. A watan Yuni na 1391 aka far wa Yahudawan Sebiya, wutar ta bazu zuwa Kurɗuba da Toledo da wasu garuruwa, aka kashe mutane da yawa, wasu dubbai kuma suka karɓi Kiristanci don tsira da rai. Bayan haka ne aka gina wannan coci a tsakiyar unguwar, saboda mazaunanta sun zama Kiristoci. Zuriyar waɗannan sababbin Kiristoci ma ba su huta ba, domin a 1473 an sake far musu a Kurɗuba.

Daga nan hanya ta gangara zuwa Alcázar de los Reyes Cristianos, fadar da Alfonso na XI ya sa aka gina a 1328. Yawancin baƙi lambun suke zuwa gani, da tafkunansa da itatuwan lemo da mutum-mutumin sarki Fernando da sarauniya Isabel tare da Kolombus, kuma lambun ya cancanci yabo. Amma ka nemi a fara kai ka hasumiyar da ake kira Torre de la Inquisición. Daga wannan fada sarakunan biyu suka jagoranci wani ɓangare na yaƙin Giranada, kuma a cikinta aka zaunar da kotun binciken aƙida da aka kafa a garin a 1482, wadda aikinta shi ne farautar sababbin Kiristocin da ake zargi da yin Yahudanci a ɓoye. A 1483 aka umarci Yahudawan da suka rage su fice daga yankin, shekara tara kafin dokar 31 ga Maris 1492 da ta kore su daga ƙasar baki ɗaya. A watan Disamba na 1504, ƙarƙashin mai bincike Diego Rodríguez Lucero, an ƙona mutum 107 a rana ɗaya, zaluncinsa kuma ya kai har mutanen gari suka fasa kurkukun fadar a 1506 suka saki fursunoni. Musulmin Kastila su ma an tilasta musu sauya addini a 1502, aka fara korar zuriyarsu a 1609. Wanda ya tsaya a kan katangar fadar zai hango rufin unguwar da ya baro, ya auna da idonsa yadda kusancin da aka yi don kariya ya koma kusancin mai tsaro da fursunansa.

Idan da sauran ƙarfi, bargar dawakin sarki da Felipe na II ya kafa a 1570 tana maƙwabtaka da fadar, gadar Rumawa kuma tana gaba kaɗan. Duka zagayen, da shiga gine-ginen, yakan ci awa huɗu zuwa biyar. A sa takalmi mai kauri saboda duwatsun lungu, a riƙe ruwan sha, a kuma kula da jaka a wuraren cunkoso.

Wajen abinci sai an buɗe ido. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da garin ya shahara da ita, ana barbaɗa mata naman alade a sama, sai ka ce «sin jamón» tun wajen oda. Flamenquín naman alade ne gaba ɗaya, wutsiyar sa kuma galibi da giya ake dafa ta. Soyayyen gauta na Turawa da ake ɗiga wa zuma ya fi kwanciyar hankali, kuma akwai gidajen shayi da na abincin halal na mutanen Maroko a kewayen masallacin. Ka tuna cewa mutanen garin ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, don haka wanda ya fara zagaye da sassafe zai gama daidai lokacin da ake buɗe kicin.

Mai kwana biyu ya ware safiya ta biyu don Madinatuz Zahra, birnin fada da Abdurrahman na III ya gina kimanin kilomita 8 yamma da gari, wanda aka wawashe a yaƙin basasa wajajen 1010, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihin duniya a 2018. Ba a zuwa da ƙafa. Ana hawa bas zuwa gidan tarihin da ke gindin tudu, daga nan wata motar ta hau da baƙi zuwa kangon. Inuwa ba ta da yawa a can, don haka a ɗauki bas ɗin farko, a kuma yi rajistar kujera tun daren jiya.